Kundin aiki: gurbin lambar kati a shafin biyan kuɗi

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau aka danƙa mini shafin biyan kuɗi na manhajar da muke ginawa a intanet. Abin da ke cikin takardar aikin bai fi layi uku ba: gurabe huɗu, na lambar kati, na sunan mai kati, na watan ƙarewa, da na 'yar lambar tsaro, idan lambar da mutum ya shigar ba ta yi ba, a sanar da shi tun kafin ya danna "Biya". Na ce wa shugaban aikinmu mako ɗaya ya ishe ni. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka riƙa rubuta abin da ka tarar, na bayanka su amfana." Dalilin wannan kundi ke nan.

Na wuni ina karanta yadda ake tsara lambar katin kiredit da ta sauran katunan banki. Ashe ba jerin ganin dama ba ne. Akwai ƙa'idar duniya, ISO/IEC 7812, da ta kasa ta uku. Alƙaluman farko suna nuna wanda ya ba da katin; a da shida ne, gyaran 2017 ya mayar da su takwas, Visa da Mastercard kuma suka fara aiki da takwas ɗin a Afrilun 2022. Na tsakiya su ke bambanta wannan kati da sauran katunan bankin. Na ƙarshe, guda ɗaya tal, na tantancewa ne. Duka-duka lambar tana iya kaiwa alƙalami 19. Na ja layi a ƙarƙashin wannan 19, domin tun da nake riƙe kati ban taɓa kawo wa raina akwai wanda ya wuce 16 ba.

Talata, 2 ga Satumba

Lissafin Luhn, wanda da shi ake fitar da alƙalamin tantancewan nan na ƙarshe. Hans Peter Luhn injiniyan IBM ne, haifaffen Jamus. Ya nemi rajistar mallakar dabarar a Amurka a 1954, aka ba shi a 1960, kuma abin da ya zana a takardar 'yar na'urar hannu ce, ba shirin kwamfuta ba. Shekara saba'in ke nan, dabarar tana nan daram.

Ga yadda take. Ka faro daga dama. Alƙalamin ƙarshe ka bar shi yadda yake, na kusa da shi ka ninka biyu, ka tsallake ɗaya, ka ninka na gaba, haka har ka ƙure. Duk wanda ninkinsa ya haura 9, ka ɗebe masa 9. Sai ka tara duka. In jimlar ta ƙare da sifili, lamba ta tsallake.

Kafin in taɓa kwamfuta na gwada da biro, da gajeriyar lamba, 58271933. Daga dama: 3 yana nan, 3 na biyu ya zama 6, 9 yana nan, 1 ya zama 2, 7 yana nan, 2 ya zama 4, 8 yana nan, 5 ya zama 10, na ɗebe 9, saura 1. Jimla 40. Na mayar da 7 ya zama 6, jimla ta koma 39. Na juya 82 ya zama 28, ta koma 37. Wato irin kuskuren da yatsa ke yi, shi lissafin ke kamawa: danna maƙwabcin alƙalami, ko gabatar da na baya.

Amma yana da makanta, kuma gara in rubuta ta yanzu. Ba ya ganin bambancin 09 da 90. Ba ya gane 22 da ya koma 55, ko 33 da 66, ko 44 da 77. Jerin sifili zalla yana wucewa lafiya lau. Abin da ya fi duka, duk lambobi goma da ka rubuta da ka, kusan ɗaya za ta tsallake, tunda alƙalamin ƙarshe ɗaya ne cikin goma. Lissafin ba ya cewa akwai katin a duniya, ba ya cewa da kuɗi a ciki, ba ya cewa mai dannawa shi ne mai shi.

Na rubuta shi da JavaScript, yaren shirin kwamfuta da shafukan intanet ke aiki da shi, layi goma sha biyu. 4242 4242 4242 4242, lambar gwaji da kamfanin karɓar kuɗi na Stripe ya wallafa, ta ba da 80. Awa 3.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ɓaraka ta farko. Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya ɗauko lambar gwaji ta American Express, 3782 822463 10005, ya saka, fom ya ce ba ta yi ba. Ya taso ya same ni ya ce, "Malam, ko dai lambar ce suka wallafa da kuskure?" Na ce masa a irin wannan, fara zargin kanka kafin ka zargi lamba. Muka buɗe shirin tare.

A takarda daga dama na faro, amma da na zo rubuta shirin sai hannu ya bi al'adarsa, ya faro daga hagu yana ninka na farko, na uku, na biyar. A lamba mai alƙalami 16 wannan da wancan duk ɗaya ne, shi ya sa gwajina na shekaranjiya bai nuna komai ba. Katin American Express kuwa 15 ne, sai ninkin ya sauka a kan waɗanda bai kamata ba. Muka lissafa da hannu: ta hagu 48, ta dama 60. Gyaran bai ci minti biyar ba. Da yaron nan bai gwada ba, da kowane mai irin wannan kati ya sha kora a bakin ƙofa, ba kuma za mu taɓa jin labarinsa ba, domin wanda fom ya ƙi ba ya kawo ƙara, rufe shafin kawai yake yi.

Na kafa jerin gwaji na atomatik mai lambobi masu tsawon 13, 14, 15, 16 da 19.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ƙarin gwaje-gwaje da gyaran launin saƙon kuskure. Makon da na yanka ya cika, aiki bai kai rabi ba. Na sanar da shugaba.

Litinin, 8 ga Satumba

Na sa gurbin lambar a matsayin `type="number"` don faifan alƙaluma ya riƙa fitowa a waya. Kuskure ne. A kwamfuta wasu 'yan kibau suna bayyana a gefen gurbin, mutum na iya ƙara ɗaya a lambar katinsa bai sani ba. Gurbin yana karɓar harafin e, tunda a lissafi yana da ma'ana, amma ya ƙi tazara tsakanin alƙaluma.

Babbar matsalar ma tana can ciki. JavaScript ba ta riƙe cikakken adadi daidai sai zuwa 9007199254740991. Katin Visa mai 16 yana shiga ƙarƙashin wannan iyaka, mai 19 kuwa ya zarce ta nesa. Na saka lambar gwaji mai 19, na mayar da ita adadi, alƙaluman ƙarshe suka narke suka koma sifili, ba saƙon kuskure, ba komai. Lambar kati suna ce da aka rubuta da alƙaluma. Ba a tara ta da wata, ba a raba ta, don haka a riƙe ta a matsayin rubutu tun daga gurbi har ƙarshen tafiyarta.

Yanzu gurbin `type="text"` ne, da `inputmode="numeric"` don faifan waya, da `autocomplete="cc-number"` don burauza ta iya cika wa wanda ya ajiye katinsa. Sauran guraben sun sami `cc-exp`, `cc-csc` da `cc-name`.

Laraba, 10 ga Satumba

Gane nau'in kati daga alƙaluman farko, don a nuna tambarinsa. Na ɗauko wani jerin regex, wato tsarin gane fasalin rubutu, da ya daɗe yana yawo a hannun masu rubuta manhaja: Visa 4, Mastercard 51 zuwa 55, American Express 34 da 37, Discover 6011 da 65, JCB 3528 zuwa 3589. Kuma na sa sharaɗi: in ba a gane nau'in ba, a kashe maɓallin biya.

Lambar gwaji 2223 0031 2200 3222 ce ta tona asiri. Mastercard ce, amma fom ya ce bai san ta ba. Ashe tun 2017 Mastercard ke ba da katunan da suka fara da 2221 zuwa 2720, jerin da na ɗauko kuwa ya girmi wannan canji. Da na ci gaba da tono sai na ga abin ba shi da iyaka. Mir na Rasha yana 2200 zuwa 2204, dab da Mastercard. UnionPay na Sin yana farawa da 62, tsawonsa 16 zuwa 19, kuma akwai katunansa da ba sa bin lissafin Luhn. Maestro na iya zama 12 har 19. Diners Club na da masu 14. RuPay na Indiya yana da rabo a cikin 65, inda tsohon jerin ke cewa Discover ce kaɗai.

Mun ɗan yi jayayya da shugaba. Shi yana ganin gara a tsaurara, kada shara ta isa sabar, wato kwamfutarmu da ke karɓar abin da fom ya turo. Na ce masa, "Yallaɓai, lambar banza in ta wuce mu, banki zai ƙi ta cikin daƙiƙa biyu, ba abin da muka rasa. Katin gaskiya kuwa in muka ƙi shi, mun rasa mutum, kuma ba mu ma san mun rasa shi ba." Ya yi shiru can ya ce in yi yadda na gani.

Abin da na zartar: tambari ado ne, in an gane a nuna, in ba a gane ba a bar wurin fili. Tsawo kuwa daga 12 zuwa 19. In Luhn ya ƙi, a rubuta "Duba lambar da kyau, kamar akwai kuskure", ba "Katinka ba shi da inganci" ba, domin ba mu da hurumin faɗin haka. Ga masu farawa da 62, gargaɗi kawai, maɓalli a buɗe.

Juma'a, 12 ga Satumba

Raba lambar huɗu-huɗu yayin da ake rubutawa. American Express 4, 6, 5, yadda take a fuskar katin. Wahalar tana wurin 'yar sandar nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda kake rubutu. Ka koma tsakiya don gyara alƙalami ɗaya, da zarar ka goge, shirin ya sake jera lambar, sandar ta yi tsalle ta koma ƙarshe, sai ka dasa gyaranka a inda ba nan ba. Maganin: kafin a sake jerawa a ƙirga alƙaluman da ke hagun sandar, ban da tazara, bayan an jera a mayar da ita bayan wannan adadi. Na kuma hana jan saƙon kuskure fitowa tun mutum bai gama ba. Sai ya bar gurbin, ko lambar ta cika. Ba daɗi kana alƙalami na biyar a ce maka ka yi kuskure. Awa 7, fiye da abin da Luhn ya ci sau biyu.

Talata, 16 ga Satumba

Wata abokiyar aiki da ke amfani da faifan Larabci a wayarta ta turo mini bidiyo: tana danna alƙaluma, gurbin ya ƙi nuna komai, kamar wayar ta daskare. Faifanta yana fitar da ٤ da ٢, ba 4 da 2 ba. Shirina yana share duk abin da ba `\d` ba, wato alamar da ke nufin alƙalami a regex, a JavaScript kuwa `\d` ba ta san kowa ba sai 0 zuwa 9. Tana rubutawa, ina gogewa.

Da na leƙa ɓangaren sabar, wanda da Python muka rubuta, sai na tarar da akasin haka: a can `\d` tana karɓar alƙaluman Larabci, `int` ma yana karanta su, Luhn ya wuce, sannan a tura wa kamfanin karɓar kuɗi rubutun da ba zai gane ba. Ƙofa biyu, mai gadi biyu, kowa da dokarsa.

Na rubuta tebur mai mayar da alƙaluman Larabci, U+0660 zuwa U+0669, da na Farisa U+06F0 zuwa U+06F9, su koma 0 zuwa 9 kafin a yi komai. Daidaitawar NFKC, wata hanyar mayar da haruffa zuwa siffa ɗaya, tana gyara faffaɗan alƙaluman da faifan Japan ke fitarwa, amma ba ta taɓa na Larabci, dole sai da tebur. Na haɗa da share ɓoyayyiyar tazarar U+00A0 da ke biyo lamba idan an kwafo ta daga wani wuri an liƙa. Liƙawa kuma ban hana ba, ba zan hana ba. Mai kwafowa daga ma'ajiyar kalmomin sirri ya fi mai dannawa da yatsa ƙarancin kuskure.

Alhamis, 18 ga Satumba

Lambar tsaro: uku a bayan Visa da Mastercard, huɗu a gaban American Express. Gurbin suna na cire masa duk wani sharaɗi ban da kada a bar shi fanko. Akwai mai suna ɗaya, akwai mai ɗigo a saman harafi, akwai mai ƙ da ɗ, akwai mai alamar ɗauri a tsakiya. Ba aikin fom ba ne ya koya wa mutum rubuta sunansa.

Litinin, 22 ga Satumba

Na haɗa fom da dandalin gwaji na kamfanin karɓar kuɗi. Gwajin kyauta ne, har yau ba abin da aikin ya ci sai lokaci, awa 58 a lissafina. A nan na ga iyakar duk abin da na yi makonni uku: 4000 0000 0000 0002 tana wuce Luhn, tana nuna tambarin Visa, tsawonta daidai, amma an tsara ta ne don a ƙi ta. Amsar gaskiya daga bankin da ya ba da katin take fitowa, da lambobin da aka gada daga ISO 8583, ƙa'idar saƙonnin cinikin kati: 14 lamba ba ta yi ba, 51 kuɗi bai isa ba, 54 kati ya ƙare, 05 kuwa banki ya ce kada a karɓa, bai faɗi dalili ba. Na fassara kowacce zuwa magana mai taushi da ke gaya wa mutum abin da zai yi nan gaba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ranar da ta fi kowacce nauyi tun da na fara.

Da safe ina bin sawun wani kuskure a sabar gwaji, na buɗe kundin da ke rubuta kurakurai. Ina gangarawa sai idona ya sauka a kan layi ɗaya: lambar kati cikakkiya, watan ƙarewa, lambar tsaro, da suna. Ba 4242 ba ce. Sunan na ɗaya daga cikin abokan aikinmu ne. Jiya da yamma ya zo gwada shafin, burauzarsa ta cika masa katinsa na gaske, ya danna bai lura ba, sabar ta yi tuntuɓe a kan wani abu daban, kayan rubuta kurakurai kuma ya kwashe duk abin da fom ya turo ya ajiye, kamar yadda aka saita shi tun kafin a yi maganar kati. Daga nan kwafi ya tafi wurin kamfanin waje da ke tara mana rahoton kurakurai, wani kwafin ya shiga ajiyar dare, taƙaitaccen saƙo kuma ya faɗa imel ɗin mutum uku.

Gabana ya faɗi. Na tashi na same shi na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, katinka ya shiga kundinmu har da lambar baya. Ka kira banki yanzu a rufe shi." Bai yi faɗa ba, ya ce ai gara da nasa ne ba na baƙo ba. Amma zai kwana biyu ba kati, ga abubuwan da yake biya duk wata da sai ya bi su ɗaya-ɗaya ya sauya. Laifin nawa ne: ni na kawo lambar kati cikin sabar da ban binciki hanyoyinta ba.

Sauran yinin a shara ya ƙare. Mun goge layin, mun goge ajiyar dare, mun rubuta wa kamfanin wajen su share nasu su tabbatar mana a rubuce, mun bi akwatunan imel uku.

Da dare na zauna da PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan kati, wadda ya kamata in karanta ran 1 ga wata. Fitowarta ta farko a Disambar 2004 ce. A 2006 American Express, Discover, JCB, Mastercard da Visa suka kafa majalisar da ke kula da ita. Bugu na 4.0 ya fito a Maris 2022, gyararrensa 4.0.1 a Yunin 2024. Maganarta a fili take. Lambar tsaro ba a ajiye ta bayan an gama neman izinin biya, ko da an kulle ta da sirri. Lambar kati in za a ajiye, sai ta zama ba ta karantuwa, kuma kundin kurakurai yana cikin wuraren da ake nufi. A allo ba a nuna fiye da alƙaluman banki na farko da huɗun ƙarshe sai ga mai buƙatar aiki. Sannan duk na'urar da lambar ta ratsa, ko ba ta kwana a ciki ba, ta shiga cikin abin da za a bincika. Takardar tantance kai ta masu irin wannan tsari, SAQ D, tambayoyinta sun haura ɗari biyu.

Litinin, 29 ga Satumba

Mun zauna mu huɗu. Na kawo shawarar a cire fom ɗina a sa na kamfanin karɓar kuɗi, wanda ke zuwa cikin taga ta iframe, wato shafinsu a cikin namu. A ido gurbin yana cikin shafinmu, amma abin da aka rubuta daga burauza yake tafiya kai tsaye wurinsu. Mu abin da ke iso mu shi ne lambar madadi, wato tokin, da nau'in kati, da huɗun ƙarshe, da watan ƙarewa. Tokin in an sace shi ba ya sayen komai a wani wuri. Da wannan muna iya komawa SAQ A, wadda gajera ce ƙwarai.

Yaron ya ce, "Malam, wato duk wahalar wata guda ta tafi a banza ke nan?" Na ce masa jerin gwajin da muka tara yana nan, da shi za mu auna tagar tasu: mai 15, mai 19, mai farawa da 2, alƙaluman Larabci, liƙawa. Da ban sha wannan wahala ba, da ban san abin da zan tambaye su ba. Amma ban ɓoye masa ba, cire abin da ka gina da hannunka akwai ciwo.

Taga ma ba ta raba mu da alhaki. A 2018 ɓarayi sun cusa 'yan layuka a wani fayil ɗin JavaScript na shafin British Airways, suna kwashe bayanan kati tun mutum na rubutawa. Abin ya shafi mutum fiye da 400,000, hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar kamfanin fam miliyan 20 a Oktoban 2020. Wanda ya iya sauya shafinka zai iya ɗora tagar bogi a kan ta gaske. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ƙirga fayilolin waje da shafin biyanmu ke ɗaukowa, bakwai. Na bar biyu, na sa dokar Content-Security-Policy da ke hana sauran.

Laraba, 1 ga Oktoba

Gwajin atomatik ya yi ja da sassafe, ba wanda ya taɓa komai. Wata ne ya sauya. A shafin katunan da mutum ya ajiye, katin gwaji mai 10/25 ya fito da tambarin "ya ƙare". Shirina yana auna yau da ranar ɗaya ga watan da ke kan kati, alhali kati yana aiki har ranar ƙarshe ta watan. Na gyara: a auna da ɗaya ga watan da ke biye. Na kuma lura da tarkon JavaScript na ƙirga watanni daga sifili, Janairu 0, Disamba 11. Saboda bambancin lokaci tsakanin ƙasashe na bar kwana ɗaya na sassauci. A ranar iyaka banki ya yanke hukunci.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Luhn ya sami sabon aiki. Duk layin da zai shiga kundi, da duk saƙon da aka turo wa masu taimakon abokan ciniki, ana duba shi: jerin alƙaluma 12 zuwa 19 da ya wuce Luhn, a rufe shi a bar huɗun ƙarshe. Yana rufe wasu da ba kati ba, misali lambar IMEI ta waya, wadda ita ma 15 ce kuma da Luhn ake tantance ta. Na yarda da wannan asara.

Litinin, 6 ga Oktoba

An buɗe wa jama'a. Biyan farko ya shiga da hantsi. Alhamdu lillahi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tsugune ba ta ƙare ba. Na tashi na tarar da saƙon gargaɗi daga kamfanin karɓar kuɗi: cikin dare an yi ta ƙoƙarin ajiye kati a shafinmu, ɗaruruwa, kusan duka banki ya ƙi. A allon kamfanin na ga alƙaluman farkonsu iri ɗaya ne, sunayen kuwa haruffa ne barkatai. Masu gwajin kati ne. Suna ɗaukar alƙaluman wani banki, inji ya ƙirƙiro sauran, ya lissafa na ƙarshe da Luhn ɗin nan dai, sannan su nemi shafin da zai tambayar musu banki ko katin na raye. Wanda ya amsa su kai shi wani wuri su ci. Shafinmu na "ajiye kati" yana tambayar banki ba tare da cire ko kwabo ba, ba ya neman a tabbatar da imel, ba shi da iyakar gwaji. Har saƙonnin da na yi wa ado ran 22 ga Satumba sun zama musu jagora: "lambar tsaro ba daidai ba" tana gaya wa ɓarawo cewa lambar katin kanta ta yi.

Guda huɗu sun wuce. Bayan kowane akwai mutum a wani wuri da bai san mu ba, mu ma ba mu san shi ba, aka yi amfani da ƙofarmu aka tabbatar katinsa na ci. Wannan ya tsaya mini a rai. Mun cire katunan huɗu, mun kai wa kamfanin rahoto don a sanar da bankunansu.

Abin da na sa kafin la'asar: ba a ajiye kati sai an shiga da asusun da aka tabbatar, gwaji biyar a awa ga kowane asusu, da wata iyakar ga kowane adireshin intanet, gwajin raba mutum da inji bayan faɗuwa biyu, daga faɗuwa ta uku saƙo ɗaya ne ga kowa, "Ba a karɓi katin ba, tuntuɓi bankinka". Na sa ƙararrawa da za ta tashe ni in waɗanda aka ƙi suka rinjayi waɗanda aka karɓa cikin minti goma. Kamfanin yana cajin kowace tambaya da aka yi wa banki, ko ta faɗi, don haka wannan ne karo na farko da aikin ya ci kuɗi ba lokaci kaɗai ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Sun dawo daren jiya, iyakar ta tare su a gwaji na biyar. Ƙararrawa ba ta buga ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Awa 121 zuwa yau. Wannan mako na 3-D Secure ne, inda bankin mai kati ke tambayarsa da kansa, ta lambar da aka turo masa ko ta manhajar banki, kafin a saki kuɗi. Visa ta fara shi a 2001. Sabon tsarinsa, na EMVCo, ƙungiyar kamfanonin kati, ba ya tsayar da kowa sai wanda banki ya yi shakka, a cikin Tarayyar Turai kuwa dokar PSD2 ta wajabta irin wannan tabbatarwa a yawancin ciniki. Abin da nake son gani da idona shi ne halin da shafin ke shiga idan mutum ya fita daga burauza ya je ɗauko lambar, ya dawo ya tarar wayar ta sake loda shafin: shin an cire kuɗin, ko za a cire sau biyu? Gobe zan sa wa kowane biya lambar shaida guda, ta yadda ko an danna sau uku sau ɗaya za a caja, in gwada a tsofaffin wayoyi biyu da intanet mai rauni. Yaron zai ɗauki gwajin manhajar karanta allo ta makafi, a ji ko saƙon kuskuren da ke cikin tagar yana fitowa da murya. Cika SAQ A ranar Alhamis, in sha Allah.